Duk Inda Ta Juya Baya

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Abban yara da ɗalibanki. Ya ciwon gwiwar? Na san ba ki daina hawa benen makarantar nan da tulin littattafai ba. 'Yarki tana gaishe ki. Haƙoranta biyu sun fita, yanzu in ta yi magana har da fito.

Albishirinki! A sutudiyon da nake aikin sa muryar Hausa a finafinan waje, an ba ni babbar murya a karon farko. Shekara huɗu ina yin kukan jarirai da tsofaffin da ke mutuwa a minti na biyar. Wannan katun ne na wani iyali masu baiwa. Mijin yana tashi sama yana feshin wuta, matar kuma in ta dunƙule hannu ruwa yana tsayawa cak. Ni ce matar.

Na san abin da za ki ce, don ni ma na gani. Sun zana mata ƙugu kamar na zanzaro, ban san inda hanjinta yake kwana ba. Madatsar ruwa ta fashe, ita kaɗai ta tare ambaliyar, amma da takalmi mai tsini, saboda Allah! A ƙarshe kuma mutum-mutumin mijin aka kafa a tsakiyar gari. Abin ya ba ni haushi. Sai dai matar nan ba ta roƙon kowa, Yaya. In ta yi magana ta yi ke nan. Kin ce kina neman abin da za ki nuna wa 'yan matan ajinku ku tattauna, to ki jira wannan.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya yaran? Mu lafiya lau, in ban da takaicin da ke cina.

Bari in faɗa miki yadda aikinmu yake. Duk abin da zan faɗa sai ya dace da motsin leɓen zanen, in ta rufe baki dole ni ma in rufe. Amma in ta juya baya, ba mai ganin bakinta, ana iya cusa mata duk maganar da aka ga dama. Da ma da irin wuraren nan muke ƙarasa fassarar da ta yi tsawo.

Ranar Talata darakta ya miƙo mini takarda da jan biro. Ya bi fim ɗin ya ƙirga, sau bakwai matar ta juya baya tana tafiya shiru, ya cike duka bakwai ɗin. Bayan ta tare ambaliya ta ceci gari, ta juya za ta tafi, wai in ce, “Yi haƙuri, laifina ne.” Laifin me? Wai ta riga mijinta isa wurin. Wani wurin kuma ta gaya masa gaskiya a kan gangancinsa ta fice, nan ma wai in ba shi haƙuri daga bakin ƙofa. Tir!

Na tambaye shi ko akwai wannan a asalin fim ɗin. Ya ce babu, amma matar ta cika tsauri, kuma rimot a hannun maza yake. Wai gyara mata tarbiyya yake yi. Yana faɗa yana sakace, har da yi mini wa'azi cewa shi ma yana da 'ya'ya mata. Mai haɗa sautinmu yana zaune a bayan gilashi, mutumin da kullum yake yaba aikina, sai ya ci gaba da latsa maɓallansa kamar bai ji ba.

Na ce sauran maganganun duka na riga na yi, waɗannan bakwai kuwa ba da bakina ba. Darakta ya ce in na fita kada in dawo. Na cire abin kunne na ajiye masa a kan takardar, na fita. Har na kai bakin titi ban waiwaya ba. Aikin ya tafi, ban san me zan kama ba tukuna. Ko ba komai dai, muryata ba ta durƙusa wa kowa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na gode da ƙarfafa mini gwiwa. Da kin san abin da ya biyo baya, da kin rage yabon.

Fim ya fito. Muna kallo da 'yarki a falo, tana tsalle tana nuna ni a talabijin. Matar ta tare ambaliya, ta juya baya, sai na ji “Yi haƙuri, laifina ne.” Ba wata aka ɗauko ta kwaikwaye ni ba, Yaya. Ni ce. Har da ɗan numfashin da nake ja kafin in yi magana. Sau bakwai cif, kowanne da irin karyewar muryarsa.

Washegari na dira sutudiyo, na wuce kai tsaye ɗakin mai haɗa sauti, ina shirin in wanke shi tas. Bai musa ba. Ya jawo mini kujera, ya buɗe kwamfuta. Ashe makirufo ba ya daina ɗauka in mutum ya yi tuntuɓen harshe. Duk lokacin da na kuskure layi, nakan ba da haƙuri kafin in maimaita, ban ma san ina yi ba. Su ya tsince ya liƙa wa matar.

Ya kunna mini su a jere. Ga wanda na ba da haƙuri don na yi atishawa. Ga wanda wuta ce ta ɗauke, ni na ce laifina ne. Ga wanda darakta ne ya zubar mini da shayi a takarda, ni na roƙe shi gafara. Ya ce sittin da uku ya samu cikin mako biyu, wahalarsa kawai ita ce zaɓe. Ya faɗa ne kamar yana yaba mini.

Na tsani daraktan, na tsani wannan munafukin, na tsani masu zanen da suka bar matar ta yi ta juya baya. Amma ƙyamar da ta fi damuna ba tasu ba ce. Da ya gama kunnawa na miƙe, zagin da na taho da shi duk ya gudu. Na kai bakin ƙofa na juya masa baya, sai na ji kaina ina cewa ya yi haƙuri na ɓata masa lokaci.

Kada ki nuna wa ɗalibanki fim ɗin da muryata. In dole ne, ki kashe sautin.

Ki gaida Abban yara, ki kula da gwiwar nan.

Ƙanwarki,
Auta