Littafin da Na Ƙunshe Gyaɗa da Shi

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah ya tsare ku a can, ya ƙara rufin asiri. Mu nan da sauƙi, sai gwiwar nan da ka sani. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubuta min, na ce yadda na faɗa haka za ta sa, kada ta gyara min baki.

Ɗana, na yi ɓarna, kuma ba ni da inda zan kai kuka sai wurinka. Ka tuna yadda 'yar ƙanwarka ta koma bayan rasuwar uwarta, wata bakwai ba um ba um'um, sai ido. Littattafan nan bakwai da uwar ta bari a akwati su suka buɗe mata baki, masu tsinka zuciyar nan na 'yan makaranta, duk mutum ɗaya ya rubuta su. Ranar farko ina ɓarar gyaɗa na gan ta tana karanta ɗaya a zuci, na ce ta ɗaga murya mana, ni ma ina da kunne. Wallahi sai ta karanta. Muryar kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Tun daga nan, da ta dawo makaranta sai ta zauna gefena. Ni ina zagin mugun, ina yi wa yaran cikin littafin tsawa kada su shiga gidan nan, ita tana dariya wai ba sa jina.

Shida muka gama. Na bakwai, na ƙarshe, bangonsa ya cire tun a hannun uwarta, yarinyar ta ajiye shi a kan kantar ɗaki sai an gama jarrabawa. To ni a wurina takarda mara bango duk ɗaya ce. Na haɗa da tsofaffin takardun da nake ƙunshi da su, kwana biyu na sayar da shi tas a bakin tasha. Ashe har da rubutun uwarta a gefe-gefe, inda take cankar wanda ya yi laifin. Da yarinyar ta gane ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai. Yau kwana goma sha biyu ban ji muryarta ba. Malamarsu ta zo ta ce a aji ma haka.

Na bi masu saye ɗaya-ɗaya da sandata. Mai faci ya zaro min takardu uku daga ƙarƙashin benci, wani direba ya ce in ba haukar tsufa ba wa ke bin sawun ƙunshin gyaɗa. Goma sha tara na samo, duk mai ya ɓata su. Ta karɓa, ta goge su da dutsen guga, ta sa ƙarƙashin matashi. Mai kantin littattafai ya ce an daina buga shi, sai dai a manyan garuruwa irin naku.

Don Allah ka nemo shi. Na zari takarda ɗaya ba ta sani ba, ga ta nan ciki, an ce sunan yana sama. Ka haɗo min da ita, tana ƙirga su. Na san sabo ba zai zo da hannun uwarta ba, amma da babu gara ba daɗi. Saboda haka kafin ka aiko ka zauna ka karanta, ka yi ta canka a gefe da fensir, ko ba daidai ba. Kowa ya ce rubutunku iri ɗaya ne da marigayiya. Ni da na iya riƙe alƙalami da ban roƙe ka ba.

Ka gaishe min da surukata, da Babban Yaya, da 'yan biyu, da takwarata mai rigima. Kada ka bari sai ka samu hutu, ɗana. Na taɓa jiran wata bakwai, yanzu ba ni da ƙarfin wani jiran.

Ni ce,
Mahaifiyarka