Ni na manta da sifili, wani ake shirin kora

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya dame ni, ko maigidana ban iya faɗa wa ba.

Ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa masu kiwon kaji. Aikina shi ne in bi gidaje da gonaki da kwamfutar hannu, in tambayi yawan kaji, in shigar a fom. Da wannan adadin ake aiko musu maganin rigakafi. Mu biyu ne a yankinmu, ni da wani dattijo da muke kira Baba Mai Tabarau. Kwamfuta ɗaya muke karɓa-karɓa, lambar shiga ma ɗaya ce.

Wata biyu da suka wuce na je wurin wasu mata da suka haɗu suna kiwo tare. Shugabarsu ta ce min kajinsu dubu ashirin da huɗu ne. Ina tsaye cikin rana, gilashin kwamfutar sai ƙyalli yake, ga 'yata na baro gida da zazzaɓi, rabin hankalina yana can. Na danna biyu, na danna huɗu, na jera sifili, na wuce. Fom ɗin ba ya sa waƙafi, lambobin a manne suke da juna. Ashe dubu biyu da ɗari huɗu na rubuta.

Magani ya zo daidai abin da na rubuta. Kafin a ƙaro, cuta ta shiga, kaji sama da dubu uku suka mutu. Na je na gani da idona, Anti, ana kwasarsu a baro. Shugabar ko harara ba ta yi min ba, ruwan sanyi ma ta kawo min. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

A ofis oga ya ɗora wa Baba laifin, don kowa ya san sai ya kai kwamfutar bakin hancinsa kafin ya karanta. Shi kuma bawan Allah ya ce wataƙila shi ne, idonsa ba kamar da ba, kuma a makon mun yi ta musayar gidaje har bai tuna wa ya je ina ba. Ina zaune a wurin, bakina ya ƙi buɗuwa. Yanzu an ce ƙarshen wata zai ajiye aiki. Mutumin nan shi ya koya min aikin, da na haihu shi ya haɗa zagayena da nasa har sati shida. Amma in na faɗa, ni za a sallama, maigidana kuma tun bara yake zaune ba aiki. Ga shi yanzu da na ga babbar lamba sai in goge in sake har sau biyar, mutane su fara kallon juna. Ya zan yi?

'Yarki da ta rasa sukuni

'Yata, sannu. Na ji nauyin da kike ɗauke da shi, kuma wadda ba ta da imani ba za ta rubuto wannan wasiƙa ba.

Abu biyu kika haɗa, bari mu raba su. Sifilin kuskure ne, kuma ba naki ba ne ke kaɗai. Fom ɗin da zai karɓi dubu biyu daga mata masu rumfuna cike da kaji bai ce uffan ba, shi ma da laifinsa, haka ofishin da ya ba mutum biyu lambar shiga ɗaya. Shirun kuwa naki ne, kuma kullum ƙara nauyi yake. Tsoronki na rasa aiki gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma shugabar matan ta san wanda ya zo mata ranar. Duk ranar da aka tambaye ta, za ki rasa aikin da mutuncin gaba ɗaya.

Ki fara da maigidanki, kada ya ji a waje. Sannan ki sami Baba ku biyu ki roƙi gafararsa, don mutumin ya fara zargin idonsa a kan abin da bai yi ba. Daga nan ki je wurin oga kafin ƙarshen wata, kuma kada ki je hannu rabbana. Ki rubuta gyaran da kike roƙo: fom ya riƙa raba lambobi uku-uku da waƙafi, ya nuna adadin da kalmomi a ƙasa, ya yi gargaɗi in lamba ta yi nisa da ta zagayen baya, kowa kuma ya sami lambar shigarsa. Ba zan miki alkawarin ba za a hukunta ki ba, amma shugabanni da yawa sun fi riƙe ma'aikacin da ya kawo kansa tare da mafita.

Goge-gogen nan kuwa, tsari ne maganinsa. Ki matsa inuwa kafin ki danna. Ki fara rubuta adadin da kalmomi a littafinki, ki ƙirga lambobinsa: dubu ashirin da huɗu lambobi biyar ne, ba huɗu ba. Bayan kin shigar, ki karanta wa mai kajin abin da ke kan gilashin, ba abin da ke kanki ba, ki jira ya ce haka ne. Sau ɗaya ya isa, ki wuce.

Matan nan ma ki koma ki faɗa musu, ki kuma tsaya musu a ofis a duba asararsu. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya mayar musu da alheri, Ya ƙara wa 'yar taki lafiya.