Magudanar Bayan Katanga

Challawa, Litinin

Zuwa ga 'yata Safiyatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya Zariya? Mamanki tana gaishe ki.

Amsarki ta iso, kuma ba ta yi min daɗi ba. Layi biyar kacal na ce ki rubuta min da Turanci in kai jarida, cewa na yi refute ɗin maganar da Malam Haruna manomi yake yaɗawa, wai ruwan jimar fata na kamfanina ne ya ƙone masa alayyafo. Sai kika aiko min da lacca. Wai ba a cewa refute sai mutum ya rushe zargi da hujja a hannu, wanda ya ce "ban yi ba" kawai, deny ya yi.

Safiyatu, ni za ki tambaya hujja? Da fata a kafaɗa na fara, yau mutum arba'in ke cin abinci a ƙarƙashina. A sakandare na tsaya, amma ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Na rantse a masallaci gaban jama'a, bai isa ba? Ga hukumar muhalli tana barazanar rufe mu.

To, shi ke nan. Laraba zan kai mai unguwa da shi Harunan su ga ramin tace ruwana da idonsu. Ki ajiye min kalmata.

Mahaifinki,
Alhaji Gali Ashafa

Challawa, Alhamis

'Yata Safiyatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mun je.

Ramin lafiya lau. Ina ta bayani, sai Malam Haruna ya zagaya da mu bayan katanga. Tsohuwar magudanar nan da muka daina amfani da ita a buɗe, shuɗin ruwa yana gangarawa rafin da yake ban ruwa da shi. Ashe da fatun layya suka yi yawa rami ya cika, sai ma'aikata suka buɗe ta. Na hau faɗa ina tambayar wanda ya ba su izini. Tsohon fomana, shugaban ma'aikatan, ya sunkuyar da kai. Ni na koya masa buɗe ta, Sallar shekarar da aka haife ki.

Na sa an toshe ta da siminti.

Ki cire kalmar refute ɗin nan. Ki rubuta wa hukuma abin da ya faru, kada ki rage komai. Takardar ban haƙuri ga Malam Haruna ba sai kin rubuta ba, wannan da ƙafata zan je.

Kuma ban ce ki kira ni ki yi min dariya ba. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Gali