Na Auna Jinin Baba Bayan Ya Hana Ni

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, domin ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni 'yar Jajaye ce ta ƙasar Rogo, ina karatun digiri na biyu a Kano. Bincikenmu a kan ciwon dajin tumbi ne. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a cikin jini masu siffar zobe, RNA mai zobe muke ce musu, muna duba ko yawansu zai nuna ciwon wane zai yi saurin yaɗuwa, na wane zai yi jinkiri. Ina tsaka da wannan aiki aka ce Babana ma ciwon ke gare shi. Ya daɗe yana shan maganin olsa, ashe ba ita ba ce. Likita ya ce a yi aiki da wuri, Baba ya ce sai ya cire gyaɗarsa tukuna. Gyaɗa fa, jama'a! Mutumin da loma uku ta tuwo ke gagararsa!

Da na yi masa bayanin awon namu, sai ya yi dariya ya ce, "Uwata, wannan ai duba ne, malamin ne kawai ya sa farar riga. Ban yarda a auna mini kwanana ba." Na ce, "Baba, ba kwana ake aunawa ba, ciwon ake aunawa." Ya ce, "Na dai faɗa miki." Wallahi haushi ya hana ni cin abinci ranar. To da aka ɗebi jininsa a asibiti don wani awon, sai na lallaɓa na ɗauki ragowar na sa a cikin namu. Ba izininsa, ba sanin malamina. Na san laifi ne, kunya nake ji ina rubuta wannan.

Sakamakon bai yi kyau ba. Zobban nan sun yi yawa a jininsa, irin yadda muke gani a wurin waɗanda ciwonsu ba ya jira. Amma awon bincike ne, ba a gama tabbatar da shi ba, yana iya yin kuskure. In na faɗa, me zan ce? Baba, na saɓa maka? Kuma na san halinsa, yana jin haka zai ce asibitin ma ya fasa gaba ɗaya, tunda har 'yarsa an haɗa baki da ita. Na roƙi Inna ta lallashe shi, ta ce, "Ke kin san ubanki da gona." Yayana na kasuwar Karaye ya ce shi zai sa a cire gyaɗar, Baba ya ce ba a taɓa yi masa kaka yana kwance ba. Wai ni kaɗai nake ganin yadda yake ramewa ne?

Jiya ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Uwata, ke kika yi karatun. Tsakaninki da Allah, in na jira kaka akwai matsala?" Na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Ya ce, "Yauwa, to na ji daɗi."

Ya ɗauka na ce ya jira. Jama'a, me zan yi?