Ɗakin Inna na Madina, da Kawu da ya sayar da gonarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɗora min wannan ba suna, akwai 'yan garinmu a nan. Shawararku nake roƙo, mai zagi kuma ya zaga, na riga shi zagin kaina.

Ni mace ce, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a nan Madina, shekarata goma sha ɗaya, muna haya a unguwar Sultana da maigidana da yara uku. Shekara bakwai da suka wuce, cikin watan Rajab, na fito daga Harami sai wani ɗan Sudan mai jin Hausa ya tare ni da takardun kamfaninsu. Ya ce suna sayar da mako ɗaya a otal, ɗaki naka ne duk shekara har shekara ashirin, ka biya sau ɗaya, sai kuɗin gyara da ake biya shekara-shekara. Ya buɗe kalanda ya nuna min makon, ga shi ɓaro-ɓaro cikin goman ƙarshe na Ramadan. Mahaifiyata, Inna, gwiwoyinta sun ƙare, ba ta da buri irin ta yi goman ƙarshe a masallacin Annabi, ga otal kuma taku kaɗan zuwa ƙofar mata. Wallahi ko gida ban koma na yi shawara ba na sa hannu.

A takardar an rubuta mako na ashirin da uku, miladiyya. Na gani da idona, ni da nake karanta rubutun likitoci kullum. Amma ban kawo komai a raina ba, a tunanina a Madina, a jikin Harami, wa zai yi lissafi da watan Bature? Inna ta zo shekarar, na tura ta a keken marasa lafiya, ta ga koriyar kubba ta tagar ɗakin ta yi ta kuka. Ta koma Funtuwa ba gidan da ba ta shiga ba tana cewa 'yarta ta saya mata ɗaki kusa da Manzon Allah, duk azumi nata ne.

Shekara ta zagayo na kira kamfani, suka ce makona da ƙaramar Sallah zai fara. Na je ofishinsu na yi masifa har muryata ta dushe, mutumin ya juyo min da takardar ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. Azumi yana matsowa kwana goma sha ɗaya duk shekara, makona kuwa yana nan daram a farkon Yuni. Sai an yi shekara talatin da wani abu kafin su sake haɗuwa, kwantiragin kuma ashirin ne. Na kasa gaya wa Inna. Na kama wani ɗaki a otal ɗin da kuɗina, albashin wata biyu cur, na ce mata gyara ake yi a nata. Sau uku na yi haka in an cire shekarun korona, har Allah ya karɓi abarsa shekara biyu ke nan, ba ta sani ba.

Yanzu asibiti sun ƙi sabunta min aiki, wata biyu ya rage mu fita gaba ɗaya. Ɗakin ya zame min ƙaya. Bana ma cikin aikin Hajji ya faɗo, lokacin da ba a ba da bizar Umara, ba wanda ya kwana a ciki. Kamfani sun ce ba a fasawa, ba sa saye, sai dai in kawo wanda za a mayar wa suna, in ba haka ba kuɗin gyara na shekara goma sha uku yana wuyana ko ina Najeriya. Na yi talla a group ɗin likitoci da na malaman jami'a, duk wanda ya tambayi wane mako ne sai ya ja da baya. Wata ƙawata 'yar Chadi ce ta gaya min gaskiya, ta ce ko kyauta na ba ta ba ta so.

Ana haka sai Kawu Sale ya kira, ƙanin Inna, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya biya min makaranta da albashin malanta. Ya ce ya ji za mu dawo, ɗakin Yaya kada ya faɗa hannun bare, shi zai saya. Na yi ta kame-kame, na ce akwai tsada, akwai wahalar biza, ya ce 'yar nan ki bar wannan. Bayan kwana goma ya sake kira da murna, wai ya sayar da gonarsa ta bakin rafi. Ita kaɗai gare shi. Jama'a, sai na zauna a ƙasa cikin ɗakin maganin da farar riga a jikina.

Maigidana ya ce in sayar masa kawai, ai ba ƙarya zan yi ba, komai a rubuce yake. Na ce Kawu ba ya karanta larabcin kwantiragi, ni zai ba wakilci in sa masa hannu. Ya ce to in ci gaba da rufa-rufar da na saba, na ce da wane albashin? Sai ya tono min duk abin da na kashe a ɓoye, ya ce yaransa sun yi shekaru ba su ga gida ba saboda ƙaryata. Ya yi gaskiya, shi ya sa ya fi min ciwo. Kwana huɗu ke nan daga gaisuwa ba ma ƙara komai.

Na san cuta ce, ba sai kun gaya min ba. Amma in na faɗi gaskiya gonar ta riga ta tafi, wanda ya saya har ya sa taki. Kuma dangi kaf za su ji cewa abin da Inna ta mutu tana alfahari da shi ƙarya ce na shirya mata. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma a can ƙasan raina akwai wata murya da take cewa ki sa hannu ki huta, ita ce ta fi ba ni tsoro.

Jiya da safe Kawu ya turo saƙon murya. Ya ce ya fara zagaya filin makaranta bayan asuba don ƙafafunsa su saba, ya tambaye ni ko daga otal ɗin ana iya takawa zuwa Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Harami. Ya ce shi roƙonsa ɗaya ne, in ajali zai zo ya same shi a ɗakin nan da azumi a bakinsa. Na danna na ce masa amin Kawu.

Ranar Alhamis kamfani suka ba ni don canza suna. Ku gaya min, in kira shi kafin nan ko in fara neman wanda ya sayi gonar? In kiran ne, da wace kalma zan fara, bayan na riga na amsa masa da amin?