Na Zuba Wa Ɓera Guba, 'Yata Ta Bar Taga A Buɗe

Gwaggo, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi mini da wuri, domin kafin ƙarshen watan nan dole in yanke hukunci a kan wata 'yar kyanwa, ni kuwa kaina ya kulle. Kada ki yi dariya. Ni ma da wata ce ta rubuto wannan a bara, da na ce ta rasa aikin yi.

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Ina aiki a ɗakin girki na wata makarantar kwana, ni ke riƙe da makullin sito. Maigidana direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka tarbiyyar yara a wuyana take. Ban kuwa yi musu tarbiyyar sake ba. A gidana idan na ce a rufe, a rufe. Ban taɓa jin kunyar haka ba, domin ina ganin yadda 'ya'yan da aka sakar wa linzami suke ƙarewa.

Autata shekararta sha biyu. Shekarun baya ta tsinto wata kyanwa a bakin kwata, jiƙe sharkaf, ta ɓoye ta cikin rigarta ta shigo da ita. Na ce a mayar. Ubanta ya roƙe ni, na haƙura bisa sharaɗi: ba hawa gado, ba shiga kicin. Ta sa mata suna Toka saboda launinta. Maigida yana kiranta 'yar haya, wai ta fi kowa mallakar kujerarsa. Sharaɗin gado bai yi tsawon rai ba, a ƙafafun Auta take kwana, ni kuma ina kawar da kai. Ba zan ɓoye miki ba, idan na dawo daga aiki ƙafafuna a kumbure, Toka ce take fara tarbata a bakin ƙofa kafin waɗanda na haifa. A bana Toka ta haihu, muka rarraba 'ya'yan, saura guda ɗaya.

A wurin aikinmu, duk ranar da ɗalibai suka tafi hutu, muna fitar da buhuna, mu share sito tas, in daka busasshen kifi in cakuɗa shi da maganin ɓera, in zuba a kan guntayen kwali in tura ƙarƙashin katakai da bayan ganguna, in kulle. Idan an dawo sai a share gawarwaki. Haka aka koya mini, haka nake yi, kuma ba a taɓa samun ɓarna a sitona ba. A gida ma haka nake yi duk lokacin da za mu yi tafiya. Sai dai tun da Toka ta zo ba mu taɓa tafiya gaba ɗaya ba, kullum akwai mai zama.

Wannan dogon hutun yayar maigida ta matsa a kawo mata yaran zuwa gonarta su sha iska, kowa da kowa. Ranar tafiya na ce wa Auta ta kai Toka da 'yarta gidan maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, wadda katanga ɗaya ce ta raba mu, sannan ta rufe tagogin ɗakinsu ta sa sakata. Ta ce to. Da kowa ya shiga mota sai na koma ciki ni kaɗai, na ajiye kifin nan a ƙarƙashin kabad, da bayan tukunyar gas, da bayan akwatunan ɗakin yara. Ban faɗa wa kowa ba. Ba aikin yara ba ne, kuma ba na so su san inda guba take.

Ashe Auta ta bar tagar da ke saman gadonta a buɗe kamar faɗin tafin hannu. Ragar tagar ta yage a kusurwa, ta nan Toka take shiga da fita. Wai don idan ta yi kewar gida ta zo ta kwanta a wurinta.

Muka dawo, tun daga zaure wari ya tare mu. Babban ɗana har yana tsokana wai ɓerayen Mama sun amsa gayyata. Ya buɗe ɗakin yara yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Toka tana kan gadon Auta, a kan rigar sanyinta ta makaranta, ta kumbura, jini ya bushe a bakinta, ƙudaje sun rufe ta. Ba zan ƙara bayani ba. Shi ya binne ta a bayan gida, katifar kuma muka ƙone.

Na tambayi wanda ya bar taga a buɗe. Auta ta ce ita ce. Gwaggo, a gaban yayyenta, a gaban Maman 'Yan Biyu da ta shigo jin hayaniya, na ce mata ke kika kashe ta, rashin jin maganarki ne ya kashe ta, ki duba da kyau, wannan shi ne ƙarshen yaron da ake faɗa masa yana yin nasa. Kuma na rantse da Allah babu wata dabba da za ta ƙara taka gidan nan. A ganina darasi ne, kuma darasin da ba a ji zafinsa ba ba ya zama.

Maƙwabciyar ta ce da farko Toka tana zuwa cin abinci tana fita, daga baya ta daina ganinta, ta ɗauka yawo ta tafi. 'Yar kuwa a kwali take cikin ɗaki, shi ya sa ta tsira. Har yanzu tana can.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Auta ba ta yi kuka ba, ko a ranar. Yanzu ta fi kowa biyayya, kafin in rufe baki ta yi abin da na ce. Amma da yamma sai ta bi tagogin gidan nan ɗaya bayan ɗaya tana danna sakata, ta gama ta sake farawa. Tana cikin cin abinci sai ta ajiye cokali ta tashi ta je ta duba. Malamarsu ta kira ni ta ce yarinyar tana tashi a tsakiyar darasi ta rurrufe tagogin aji, ana zafi yara suna ƙorafi. An shirya musu fita shaƙatawa ta ce ba za ta bar gida ba. Ta rame, wuyanta duk ƙashi. Da safe takan naɗe rabin abin karyawarta a leda ta bi ta gidan maƙwabta kafin ta wuce makaranta. Na sani, ina yin kamar ban sani ba.

Yanzu Maman 'Yan Biyu za su tashi ƙarshen wata, inda za su koma kuma mai gidan ba ya yarda da dabba. Ta ce in ba mu karɓa ba mijinta zai sa 'yar kyanwar a buhu ya kai ta bayan kasuwa ya saki. Maigida a waya ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma in tuna 'yata ce. Yayar Auta kuwa, mai bi wa babban, ido cikin ido ta ce mini ai Mama ba taga ce ta kashe Toka ba, kifi ne. Na yi mata faɗan rashin kunya, amma maganar ta ƙi fita daga kunnena.

Gwaggo, idan na karɓi kyanwar nan, ban koya wa yarinya cewa ƙin bin umarni yana ƙarewa da lada ba? Ina darajar maganata a gaban sauran? Ina rantsuwata? Kuma za mu sake tafiya, ni kuwa ba zan zauna da ɓera ba. Da ta rufe taga kamar yadda na ce, da Toka tana nan da ranta. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba? Ki faɗa mini, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Maman Auta

*

Maman Auta, amin wa alaikumus salam. Ban yi dariya ba. Allah ya ba ku haƙurin wannan abu.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne. Gaskiya ne. Da Auta ta rufe taga, da wataƙila Toka tana nan, kuma yaron da aka ba umarni ya amsa da to sannan ya yi nasa a ɓoye ya yi laifi. Ban ga aibu a tsayuwarki kan tarbiyya ba, ke kaɗai da yara uku da miji a hanya. Ɓoye wa yara inda guba take ma ba sakarci ba ne.

Amma ki saurari ɗaya gefen. Dabarar da kike yi a sito ta sito ce: ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, makulli a hannunki, babu mai rai a ciki sai ɓera. Gida mai kyanwa ba haka yake ba. Kin haɗa guba da kifi, abin da kyanwa za ta haura katanga dominsa, kika sa aka kai Toka gidan da katanga ɗaya ce tsakani. Kyanwa kuwa da wurin da ta saba take, ko ina aka ajiye ta kusa sai ta dawo. Ko da an rufe tagar, ɓeran da ya ci maganin zai fita neman ruwa yana tangaɗi, shi ne farkon abin da za ta kama. Auta ta bar taga ne a gidan da take zaton babu haɗari a cikinsa. Ke kika san akwai, ita ba ta sani ba. Kowaccenku ta yi abu don kulawa, kowacce ta ɓoye wa 'yar'uwarta. Sai dai ke babba ce, ita yarinya, amma kaya duka aka ɗora mata, a gaban mutane.

Darasin da kike so ya shiga, har ya wuce inda kika nufa. Yarinyar da take tashi daga kan abinci ta duba sakata ba biyayya take yi ba, tsoro ne yake cin ta. Wannan ya fi kyanwar gaggawa. Ki zaunar da ita ku biyu, ki faɗa mata da bakinki cewa ke kika sa gubar, ba ki gaya mata ba, kuma maganar da kika yi a ranar ta yi nauyi. Tagar tata ce, kifin naki ne. Ki faɗi naki rabon a fili, sannan ki maimaita a gaban yayyenta, tunda a gabansu aka yanke mata hukunci. Wannan ba zai rage miki daraja ba. Yaran sun riga sun san gaskiya, jira suke su ga ko Mama ma tana bin dokar da take kafawa. Idan bayan haka duba tagogin da ƙin cin abincin ba su ragu ba, ki kai ta wurin likita, kada ki jira.

Rantsuwa kuwa, ki tambayi malamin da kika amince da shi yadda ake warware wadda aka yi cikin fushi. Akwai hanya. Sakin ƙaramar dabba a bayan kasuwa, ga motoci ga karnuka, haƙƙi ne da ba zan so ki ɗauka ba.

Don haka ki karɓo ta. Amma kafin ta shigo, ki janye kabad da akwatuna ki kwashe duk guntun kwalin nan da duk mushen ɓeran da ya saura, ki wanke wurin. A gyara ragar taga. Guba ta bar gidanki: ki toshe ramuka, ki rufe abinci a mazubi mai murfi, in ya zama dole ki sa tarko a inda kyanwa ba ta kai. In za ku yi tafiya, ya fi a ba wani amintacce makulli yana zuwa kullum ya ba ta abinci da ruwa a gidan da ta sani, ya gan ta da idonsa, in bai gan ta ba ya kira ku a ranar. In da ita za ku, to a kwando mai murfi da iska, da ruwanta, kuma kada a bar ta a rufaffiyar mota a rana ko na ɗan lokaci. In wata rana kika ga tana dalala, ko amai, ko ta kasa tashi, kada a tsaya ɗura mata madara ko mai, a kai ta wurin likitan dabbobi nan take, tare da kwalin abin da ake zargi ta ci. Waɗannan dokoki ku kafa su tare da Auta, da doka ɗaya a kan gaba wadda ta hau kanki ta hau kanta: ranar tafiya babu wadda za ta yi wani abu a gidan a ɓoye.

Kada ki aiki yaro ya ɗauko kyanwar. Ki yafa mayafinki ku shiga gidan Maman 'Yan Biyu tare, ki bar Auta ta rungumo kwalin da hannunta. In ta fashe da kuka a hanya, kada ki ce ta yi shiru. Tun ranar da kuka dawo take riƙe da kukan nan.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya miki su, ya dawo da maigida lafiya.

Gwaggo