Babu Mai Riƙe Mini Tsani

Daren Laraba, Makarfi

Tun da abokin aikina Bitrus ya ci jarrabawar haɗa kebul aka mayar da shi Kaduna, ni kaɗai nake fita aiki. Yau iskar hadari ta tsinka kebul ɗin intanet na wata makaranta a Gazara. Wani dattijo ya ajiye fartanyarsa ya riƙe mini tsani. Ina can sama na manta, na miƙa hannu ina neman abin datse kebul, na ce, "Bitrus, filaya."

Dattijon ya ce, "Ɗana, ni ne dai a nan."

Ɗazu na kira Bitrus in ba shi labari mu yi dariya, ya ce yana kan aiki, zai neme ni. Ina taya shi murna har zuciya. Ga wayar nan kusa da matashina, ban kashe fitila ba tukuna.